Bayan Labulen Alhaji Kalilu

"Ka ce masa me?"

Siddiƙa ta tsaya cak a soron gidan Alhaji Kalilu, jakar kayan aikinta a kafaɗa, tana kallon Muktar.

"Gaskiya na faɗa masa, Siddi... Na ce ina sonki, kuma aure nake nufi."

"Sai ya ce me?"

"Ya yi murna, wallahi har da hawaye. Sai dai..." Ya sosa ƙeya. "Ya ce daga yau kada ki sake shiga ɗakinsa."



Siddiƙa nas ce, amma ba ta asibiti ba. Tun da ta gama makaranta ta zaɓi bin marasa lafiya gida-gida a cikin Daura, tsofaffin da ko hawa babur ya gagare su. Alhaji Kalilu, mahaifin Muktar, tsohon bafataken shanu ne a kasuwar Mai'Adua. Ɓarin jikinsa ya shanye, doguwar kwanciya ta ci masa kwankwaso har ta yi rami. Ranar da aka fara kiranta, ba mai iya zama a ɗakin don wari. Ita ta dage da wanki da sa magani kullum safiya, har nama ya fara tsirowa.

Tsoho ne mai barkwanci. Tana aiki yana ba ta labarin bijimansa ɗaya bayan ɗaya, yana kiranta Sista mai hannun auduga. Shi kuwa Muktar, autansa, kullum yana bakin ƙofa riƙe da butar ruwan zafi, wai taimako yake. Taimakon me, Allah na tuba? Ruwan har ya huce bai sani ba, idonsa na kanta.

Ta wuce shi ta isa ƙofar ɗakin. "Salamu alaikum, Baba."

Ta ji motsin jan bargo. Da tsohon ya yi magana, ba da ita ya yi ba.

"Auta, ka ce wa baƙuwar ta yi haƙuri ta koma. Suruka ba ta buɗe zanen surukinta."

"Baba, larura ce fa..." ta ce. "Idan aka daina wanke ciwon nan zai shiga jini."

"Auta, ka ce na ji. Gara ya shiga."

Ta san irinsu sarai. Mutumin da ko sunan ɗansa na fari bai taɓa faɗa ba, ba da bayanin asibiti za a tanƙwara shi ba. Asibitin ma ya rantse ba zai koma ba. Akwai wani nas namiji a Baure, amma sai ya samu sarari yake leƙowa.

A gida Inna, mahaifiyarta, ko a jikinta.

"To ba shi ke nan ba? Allah ne ya raba ki da wahala. Wannan aikin naki, wani ya biya, wani ya ba ki ƙwaryar gero, wani ya bi ki da addu'a kawai. Ga aikin gwamnati kin ƙi nema. An ce ki je Katsina ki koyar, kin ce sai an jima. Ga Khairat tana ta kiranki."

Khairat ƙawarta ce tun makaranta, yanzu tana aiki a wani asibiti a Madina. Kullum saƙonta ɗaya ne: ana ɗaukar ma'aikata, albashin wata guda ya fi abin da Siddiƙa ke tsinta a shekara, ga Masallacin Annabi kusa.

Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta lumshe ido. Sai ga ta cikin fararen kaya a doguwar baranda mai sanyi, ƙasa tana sheƙi, kiran salla yana tasowa daga nesa a hankali. Ta ga Inna a sabon ɗaki mai fanka. Ta ga kanta tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Amma duk ƙofar da ta tura a barandar nan, soron Alhaji Kalilu take gani, da Muktar tsaye riƙe da buta yana murmushi. Ta buɗe ido ta tarar da hawaye har cikin kunnenta. Tana sonsa, so mai ciwo, kuma ba ta son aurenta ya zama ajalin ubansa.

Ba a rufa mako ba Muktar ya kira ta da hantsi. Zazzaɓi ya rufe Baba, warin kuma ya dawo.

A soro ta same shi, idonsa jawur.

"Yaya Muktar, ka janye maganar auren nan," ta ce, ba ta yarda ta kalle shi ba. "Ka shiga ka ce masa ka fasa. In ya so in na gama da ciwonsa in tafi Madina, kowa ya huta."

"Ki huta dai, ni kuwa fa? Rabin raina, in zaɓa tsakaninki da Baba? Wallahi ba zan iya ba..."

Ya ɗaga hannuwansa ya rufe fuska. Manyan hannuwa ne, duk kantar igiyar shanu. Ta daɗe tana kallonsu.

"Kai ba auta ba ne?"

"Ni ne mana."

"Akwai kunya tsakaninka da shi?"

"Ina fa. Ni da na girma ina ja masa gemu."

"To je ka yanke farce, ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Kuma a sakar mini labulen ƙofar nan."

Ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno, ta ba labulen baya. Muktar na ciki da safar hannu, gumi na tsatstsafo masa.

"Faɗa mini abin da kake gani."

"Gefen ya yi fari-fari... tsakiyar akwai ruwa."

"Jiƙa auduga da ruwan gishiri. Daga tsakiya zuwa waje, kada ka dawo da ita. A hankali, masoyi, ba bijimi kake kayarwa ba."

Ta ji wata 'yar dariya ta kuɓuce wa tsohon, ya yi maza ya mayar da ita tari.

Haka suka yi ta yi kullum safiya, har zazzaɓin ya sauka. Ta ba Khairat haƙuri. Maƙwabta suka ji labari, suka fara kiranta ta koya wa 'ya'yansu jinyar iyayensu, har Inna ta rage mita. Amma ta yi kewar hirar bijimai. Tsohon bai sake kiranta da kowane suna ba.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da ta tare, ta zo da safe ta durƙusa a bayan labulen ta gaishe shi, kanta a ƙasa. Muktar na ciki yana cire bandeji. Sai ta ji motsinsa ya tsaya.

"Yaya, lafiya?"

"Siddi... ya rufe. Ba sauran rami."

"Duka? Duba gefen da kyau. Wane launi ne?"

"Fata ce sabuwa, sumul, kamar ta jariri."

Ta toshe baki da mayafinta. Ciwon da ta yi ta fama da shi ya warke, kuma ba za ta taɓa ganin tabonsa ba.

Sai labulen ya motsa. Hannun tsohon mai lafiya ya turo shi a hankali, yana lalube, har ya sami kanta ya dafa, labulen na tsakaninsu.

"Auta," ya ce, "ka fita ka ba ni wuri. Zan sa wa 'yata albarka da bakina."