Ƙarar Kalash a Aljihun Imrana

Ran kasuwar Mayahi Balkisu ta fara shiga shagon sharjin salula na Imrana. Ta same shi kai a sunkuye, yana ta gwabza yaƙi da manyan yatsunsa, sai da ta maimaita sallama ya ɗago.

"Mai shago, in an gama yaƙin a sa mini wagga a wuta," in ji ta.

Imrana ɗan Tchaké ne, ba shi da kowa a Mayahi. Abokin hirarsa wani wasan harbi ne na salula, wanda aka zana bindigogin yaƙi na gaske a cikinsa, kowace da sunanta da ƙararta. Kalash ya fi so. Har ƙarar ɗana ta ya mayar ƙarar shigowar saƙo, ko banza shagon ya riƙa jin motsi.

Balkisu ta leƙa ta ce, "Irin ta Babanmu ce, cikin hoto. Tsohon soja ne, amma bai son a yi maganarta."

Kunnensa ya ji, amma hankalinsa na kan ɗan wushiryarta.

Wasa-wasa salular gidan su Balkisu ta koma mai saurin cinye wuta. Saƙo kuwa ba ya yankewa.

"Balkina, yau shagon ya yi mini girma, ba ki zo ba."

"Sojan tabarma, ka ci abinci dai? Bindigarka ba ta tuƙa tuwo."

Da magana ta yi ƙarfi, kawunsa ya zo daga Tchaké ya raka shi gaisuwa. Suka tarar da Malam Salifu, mahaifinta, a zaure da abokansa ana shan shayi. Imrana ya durƙusa, zufa na keto masa. Balkisu da ke leƙe ta ji tausayinsa, ta tura masa saƙo: "Kwantar da hankalinka, rabin raina. Baba na da kirki."

Aljihunsa ya ce ƙaras-ƙaras.

Kafin a ƙifta ido dattijon ya kife rub da ciki, ya rufe kansa da hannuwa, shayi ya malale a tabarma. Can ya miƙe, ya kakkaɓe babbar rigarsa, bai dubi kowa ba.

"Ku tashi ku tahi. Ɗiyata ba ta auren mai wasa da mutuwa."

Damina ta sauka, gari ya watse gona, shagon ya koma Imrana kaɗai da wayoyin mutane a jere. Ya cire ƙarar, wasan ma ya kasa buɗewa. Kaɗaici ya ishe shi, don har wasan da yake ɗebe masa kewa ya zama abin kunyarsa. Labari ya iso masa cewa Zubairu, malamin makarantar lakwal, ya fara sintiri ƙofar gidan su Balkisu.

Ta rubuto: "Ni na jawo mana. Ka yahe mini."

Ya karanta har ya haddace, ya rasa bakin amsawa. Ita kuwa ta ɗauki shirun fushi ne, ta yi kukanta ta daina rubutowa.

Gero ya fara fitar da kai ranar da Malam Salifu ya yi sallama a shagon. Ya zauna a benci ba a ce masa bisimilla ba.

"Yarinyar nan ta rame. Nuna mini abin."

Imrana ya buɗe masa wasan. Dattijon ya ƙura wa kalash ido, tana sheƙi kamar yau aka ƙera ta. Aka harbe sojan Imrana ya faɗi, jim kaɗan ga shi a tsaye da sabuwar bindiga.

"Ya tashi?"

"I, Baba. Sakewa akai."

Malam Salifu ya girgiza kai.

"Sun kama kamarta, sun kama muryarta. Nauyin ne ba su sa ba. Ranar da Mamman abokina ya hwaɗi, tawa da tashi na saɓo har bariki. Shi na baro shi can."

Imrana ya kife salular. Dattijon ya yi ta magana har aka kira la'asar, abin da ko matarsa bai taɓa faɗa wa ba. Mutane suka zo karɓar wayoyinsu, yaron ya miƙa musu ba tare da ya ɗauke ido daga bakin tsohon ba.

Da zai tafi ya tsaya a ƙofa. "Ba hushi na yi da kai ba, yaro. Kumya na ji. Ka ce wa kawunka shi dawo."

Kafin dattijon ya sha kwana Imrana ya rubuta: "Balkina, ba hushi ba ne, kumya ce. Ashe ciwonmu ɗaya da Baba."

"To ka warke da wuri, na gaji da jira."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan, Zubairu ma ya zo ya ci goro. Aka shafa fatiha, aka roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari. Da taro ya watse Malam Salifu ya riƙe hannun angon, ya ƙi saki.

"Allah shi yi muku albarka. Ka riƙe mini ita da kyau. In Allah ya ba ku namiji, ina roƙon sunan Mamman."