Awa Shida Kafin Ruwan Ya Lalace

Manyan akwatuna biyu masu taya Gwaggo ta sayo, ta sa aka jere su a tsakiyar falo tun ba a tambayi mai tafiyar ko za ta tafi ba. Auta ta fito daga kicin da tiren shayi, ta kewaye su kamar ba ta gan su ba. Ta ajiye wa Baba kofinsa, ta zauna a ƙasa, ta faɗi abin da ta yi sati biyu tana juyawa a ranta.

"Baba, ba zan tafi waje ba. A nan zan yi mastas ɗina."

Gwaggo, ƙanwar Baba ce, kuma ita ta riga kowa yaɗa labarin tafiyar a dangi, ta dafe ƙirji ta hau salati.

Takardun gurbin karatu biyu Auta ta samu. Ɗaya daga wata jami'ar ƙasar waje, ɗaya daga jami'ar bayan gari da ta yi haɗin gwiwa da ita waccan ɗin. Manhaja ɗaya ce, malamai daga nan da can, satifiket kuma da sunan jami'o'in biyu zai fito. Auta ta yi bayani dalla-dalla. Bincikenta a kan ruwan rijiyoyi da boholan unguwannin da yara ke yawan gudawa ne, kuma ruwan gwaji in aka ɗebo shi, awa shida kawai yake da ita kafin lissafin ƙwayoyin cutar da ke ciki ya rikice. Ta ce in ta tafi can, ruwan wa za ta auna? Na mutanen da famfonsu bai taɓa kwantar da kowa ba?

Gwaggo ba ta ji ko ɗaya ba. Ita dai abin da ta sani, 'yar wance ta tafi, ɗan wane ya tafi, ana ta turo hotuna cikin rigunan sanyi. Ta ce wannan duk zancen banza ne, ba ruwa ba ne, Ticha ne. Ticha kuwa shi ne saurayin Auta, malamin lissafi a sakandare, wanda aka riga aka yi maganar aurensu.

"Yaya, yaron nan ne ya ɗaure mata ƙafa. Tsoro yake ta je ta waye ta fi ƙarfinsa."

Baba mutum ne mai sauƙi, amma in aka taɓa masa batun karatun 'ya'yansa sai ya zama wani daban. Ya ajiye kofi ya yanke hukunci: maganar aure ta tsaya har sai ranar da Auta ta hau jirgi, kuma kada ya ƙara ganin Ticha a ƙofar gidansa.

Auta ta shiga ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Abin takaicin ma, da ta kira Ticha, sai bawan Allah ya hau ba ta haƙuri, wai ta bi maganar Baba ta tafi, shi zai jira ko shekara nawa ne. Nan fa ya taɓo ta.

"Kai ma? Kowa ya ɗauka ba ni da kan da zan zaɓi abu sai don namiji? Ba don kai na tsaya ba, Ticha. Ina son ka, amma ba don kai ba ne. In za ka taimaka ka taimaka, in ba za ka iya ba ka bar ni da aikina."

Sai ya tambaye ta ƙarfe nawa take fita ɗebo ruwan.

Haka aka fara. An hana shi ƙofar gida, ba a hana shi kwanar layi ba. Ranakun ɗiba, da sassafe, yana nan kusa da shagon mai faci, kuloli biyu cike da ƙanƙara ɗaure a bayan babur. Ita ta hau Keke, shi ya bi ta a baya. Su zaga rijiya shida ko bakwai, tana cika kwalabe tana rubuta lamba da lokaci a jikinsu, ya kai mata har ƙofar ɗakin gwaji, sannan ya juya ya tafi ajinsa. A gida Auta ba ta fasa komai ba. Ta gai da Baba, ta wanke masa kaya, ta dafa masa shayi. In Gwaggo ta zo ta fara habaicin masu biza a hannu suna yawon bakin rijiya, sai ta yi murmushi ta ce, "Gwaggo, ai ke ma taki rijiyar tana cikin jerin." Wata tara Baba bai sauko ba, ita ma ba ta sauko ba.

Ran wata Talata, a rijiya ta ƙarshe, can unguwar da Keke ba ya shiga sai an roƙa, sarƙar babur ta tsinke, mai Keken kuma ya gaji da jira ya yi gaba. Awa huɗu ta riga ta tafi. Ranar ce kuma ɗiban ƙarshe na damina, in ya lalace sai wata shekara. Auta ta kira duk wanda za ta kira, ba a dace ba. Ta haɗiye girman kai ta kira Baba.

Ya zo da tsohuwar motarsa, fuska a murtuke. Kafin ya iso, Ticha ya riga ya saɓi kula ɗaya ya nufi titi da ƙafa, don kada Baba ya gan shi ransa ya ɓaci. Auta ta sa ɗayar a mota suka tafi.

A ɗakin gwaji Baba ya tsaya daga bakin ƙofa, hula a hannu. Ya ga 'yarsa ta zura farar riga tana ba wasu ɗalibai biyu umarni. A babban allon bango ga sufabaizanta ta waje mai duba bincikenta, wata dattijuwar farfesa, tana magana daga can ƙasarsu, ga na gida a gefe. Baba na jin Turanci sarai. Ya ji farfesar ta ce lambobin rijiya ta huɗu na gwajin da ya gabata ba su yi kama da gaskiya ba. Ya ji Auta ta ce gaskiya ne, domin mata a unguwar guga ɗaya suke zurawa a rijiyoyi uku, shi ke kai ƙwayoyin cuta daga wannan zuwa waccan, ta gani da idonta. Farfesar ta cire tabarau, ta ce shekara ashirin tana rubutu a kan irin wannan ruwa, ba ta taɓa sanin zancen gugan ba. Ta ce a saka shi a rahoton da za a kai hukumar lafiya.

Saura minti ashirin lokaci ya cika, sai ga Ticha. A bayan motar yashi ya samu aka rage masa hanya. Rigarsa ta koyarwa ta jiƙe sharkaf, ƙura har gira, ya rungume kular kamar jariri. Ya yi turus da ya ga Baba, ya durƙusa ya gaishe shi. Auta ta karɓe kular ta shige ciki da gudu.

Baba ya daɗe yana kallon sa. Ya tambaye shi tun yaushe yake wannan aiki, Ticha ya ce wata tara. Kunya ta kama dattijon, bai kuma ɓoye ba.

"An ce min kai ka ɗaure mata ƙafa, na yarda ban bincika ba. Ashe kai kake ɗaukar mata kaya. Tashi in kai ka makaranta, ɗalibanka na jira. Ka daina tsayawa a kwana kamar mara gaskiya. Ka turo min manyanka ranar Asabar."

Auta na ciki tana ɗiga ruwa a faranti, ta ji komai. Hawaye na zuba, amma ba ta tsaya ba, sai da ta gama kwalba ta ƙarshe ta fito.

Iyaye, kafin ku yanke wa ɗa hukunci, ku je ku ga abin da yake yi da idonku. Ku kuma 'yan mata, in kun san gaskiyarku ku tsaya a kanta, amma da ladabi. Auta ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba, kuma ba ta ja da baya ko taku ɗaya ba.