Rabin Juyi

Da robar ruwan sabulu a hannuna na shiga garejin. Mai Sanyi, kamar yadda kowa ke kiransa, yana durƙushe gaban wata mota. Yana ganina ya miƙe yana goge hannu a wando, fuskar nan cike da fara'a.

"Direbata! Ai ba yau nake sa ranki ba, sai jibi. Ko kewata ce ta..."

"Buɗe bonet."

Ya tsaya yana kallona. Wata bakwai muna tare ban taɓa katse masa magana ba, ko ido ban cika haɗawa da shi ba.

Motar da na zo da ita ta Baba ce, ta girme ni da shekara huɗu. Da ita ya yi aikin direba har ƙodarsa ta gaza, a cikinta kuma ya koya mini tuƙi bayan karatuna ya tsaya a firamare. Sau biyu a sati nake kai shi wankin ƙoda. Likita ya hana shi shan ruwa da yawa, shi ya sa zafi ke saurin kayar da shi. Esin da ke sanyaya motar nan a wurinmu ba ado ba ne.

Esin ne ya fara kawo ni garejin. Mai Sanyi ya sauya tiyo, ya zuƙe tsohuwar iskar ciki, ya ɗura sabon gas, mota ta koma kamar firji. Bayan sati biyu sanyin ya gudu.

"Tsohuwar mota sai lallashi," ya ce. "Kamar ke."

Haka muka dinga yi duk sati biyu. Ina kan benci kaina a ƙasa, yana ɗura gas yana zuba zance, har zancen ya shiga inda ban zata ba. Baba ma ya gane, yakan tsokane ni.

"Anya Auta, gas ɗin nan a mota yake ƙarewa?"

Jiya da tsakar rana cunkoso ya riƙe mu a kan gada, sanyin ya ɗauke. Gilashin gefen Baba ya daɗe ba ya sauka. Motar ta zama tanda. Sau ɗaya ya ce, "Auta..." sai kansa ya langaɓe. A kafaɗa mutane suka fitar mini da shi daga cunkoson.

Yau da safe na nuna wa wani dattijon bakanike motar a bakin asibitin da aka kwantar da Baba. Ya bi bututun da kumfar sabulu gaɓa bayan gaɓa, ya tsaya a ɗan bawul ɗin da ake ɗura gas.

"'Yata, wannan ba tsufa ba ne, bawul ɗin sabo ne fil. Hannu ne ya bar shi rabin juyi."

Ya ɗauko makullin bawul zai ɗaure, na ce ya bari.

Yanzu ga ni gaban wanda ya sa bawul ɗin. Ya buɗe bonet. Na kwance murfin bawul ɗin, na ɗiga ruwan sabulun a kai. Kumfa ta taso a hankali, ta fashe, wata ta taso.

"Ya aka yi ka san sai jibi zan zo?"

Ya kafa wa kumfar ido.

"Da kai nake!"

"Direbata, ki saurare ni..."

"Ina ji."

"Ba kya ɗaga waya, ba kya bari in zo gida. In motar ta warke, a ina zan gan ki? Wallahi kaɗan na sassauta! Na auna shi, yana kai ki sati biyu cif..."

"Ka auna."

"Zafin satin nan ne ya ɓata lissafin. Sonki ne ya sa, ki yarda da ni!"

"Baba yana kwance da robar iska a hanci."

Makullin bawul da ke hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Innalillahi... Ban sani ba!"

"Ka san wanda nake ɗauka a motar. Kai ka gyara masa kujera da hannunka, kana ce masa Baba."

"Zan je in durƙusa masa, zan faɗa masa komai..."

"Kar ka je. Yana ganin girmanka, ka bar masa wannan."

Na ɗauki makullin na miƙa masa.

"Ɗaure."

Ya ɗaure. Ko ƙiftawar ido aikin bai kai ba. Ya jona tiyo ya ɗura gas, hawaye na bin gemunsa, allurar agogon awon gas ta hau ta tsaya cak. Na sake ɗiga sabulun. Babu kumfa.

"Yaushe zan gan ki?"

"Ai ta warke," na ce.

A hanya sanyi ya cika motar har yatsuna suka ƙage a kan sitiyari. Sau biyu na tsaya a gefen titi, don ba na ganin gabana.

Na tarar Baba ya farka, Mama na gyara masa filo. Ya kalle ni, ya yi ɗan murmushin da ƙarfinsa ya kai.

"Surukina ya gyara mana ita?"

"Ya gyara, Baba."

"Yaron kirki. Ki ce masa in na tashi ya turo manyansa."

Mama ta yi dariya, tana zaton kunya ce ta sa na kifa fuskata a gefen gadon. Baba ya ɗora tafinsa a kaina yana shafawa, ni kuma na cije zanin gadon don kada ya ji.