Tagar da Ke Kusa da Ƙasa

"Wannan ba gidana ba ne!"

Hajiya Rabi'atu ta ture kwamfutar da bayan hannu, saura ƙiris ta faɗo daga kan kujera.

Na kalli Hamadu. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, sai ka ce da tabarma yake hira. Namiji ke nan!

Bari in faɗa muku yadda muka zo nan. Sunana Khaula, aikina a Garwa ta Kamaru mayar da zanen gini hoto a kwamfuta, ka shiga ɗaki ka fita alhali ko tubali ba a aza ba. Hamadu ne ya kawo min wani tsohon zane da shahararren mai zanen gidaje, Bafaranshe Nicolas, ya yi wa kakansa kafin a samu 'yanci. Gida ne dogo mai faffaɗar rumfa, ba a taɓa gina shi ba. Daga tambayar kauri da tsawon bango muka zarce, har na tsinci kaina ina jiran ƙarar mashin ɗinsa.

Matsalar ita ce kakarsa, Hajiya Rabi'atu. Ita ta raine shi, in ba ta ce to ba, ba aure. Baffansa Shu'aibu kuma, mai son haɗa shi da 'yarsa, ya riga ya cika mata kunne wai filin gado nake hange.

Shi ya sa muka kawo mata gidan, ko zuciyarta za ta yi sanyi.

"Ai na faɗa miki, Dada," in ji Baffa Shu'aibu ga Hajiya daga bakin ƙofa. "Yaran zamani, ƙaryar bature kawai suka iya."

Raina ya ɓaci, wallahi. Amma abin da ya fi cina shi ne son sani. Me ta gani? Ko me ta rasa?

"Hajiya, don Allah me ya ɓace a ciki?"

"Ke da kika yi karatu, ni za ki tambaya?"

Ta kau da kai.

Hamadu ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya kira ni da sunan soyayya na Faransanci. "Chérie, mu tafi, ma dawo..."

"Ba inda za ni."

Abu ɗaya na taɓa a zanen nan. A ɗakin uwargida akwai wata taga mai faɗi da Nicolas ya sa can ƙasa, daidai gwiwa. Na daɗe ina juya ta a raina. Wa zai leƙa ta nan, akuya? Na ce tsufan takarda ne ko kuskuren alƙalami, na ɗaga ta sama yadda ake yi.

Sai na dubi inda nake. A kan tabarma nake, Hajiya ma haka, da buta da carbinta a gefe. Tagar ɗakinta tana can sama da kawunanmu, ba abin da muke gani sai silin.

Sai na gane.

Idon da nake zagaya gida da shi a kwamfuta kullum a tsaye yake, tsawon namiji. Ban taɓa zaunar da shi ba!

Na jawo kwamfutar kan cinyata. Na mayar da tagar inda mai ita ya sa ta, na sauke idon ƙasa, tsawon mace a zaune.

Tabdijam!

Bangon ya buɗe. Ta ƙarƙashin rumfar, ga dutsen Tinguelin ya cika tagar daga gefe zuwa gefe, don tun farko na ɗora gidan a kan hoton filin na gaske.

Na ajiye mata a gabanta.

Ta daɗe tana kallo. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Dutsen da nake gani daga ƙofar innata a Pitowa..." in ji ta. "Ina amarya, kullum kuka nake. Matar baturen, Geneviève, takan shigo ta zauna nan ƙasa tare da ni, ƙafafunta na ciwo. Ta tambaye ni me nake so a sabon gida. Na ce ina so in ga gida ba sai na miƙe ba."

"Me ya hana a gina, Dada?" in ji Hamadu.

"Surukina ya ce matar aure ba ta da abin kallo a waje. Kakanka ya ce in ba tagar, ba gidan. Haka suka yi ta ja har ƙasa ta rufe su duka."

Baffa Shu'aibu ya yi gyaran murya. "To ai hoto ne kawai..."

"Shu'aibu, fita ka ba mu iska."

Ya fita, takalmi a hannu. Allah ya yafe min, na ji daɗi!

Hajiya ta juyo ta ƙare min kallo.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa, Hajiya. Zama na yi."

Ta kama hannuna ta riƙe gam, sannan ta harari jikanta.

"Kai kuma mai baki kamar an ɗinke, je ka ce a nemo goro. In kun tashi gini, kada wanda ya ɗaga min tagar nan."

Hamadu ya kalle ni, idonsa ya cika. "Khaulata..."

"Yi mana shiru," in ji Hajiya, ta matsa min wuri a kan tabarmarta. "Muna kallon gida."