Wanda Ya Kashe Zabin Maltiti

Bayan sallar Juma'a Maltiti, ɗalibar ajin ƙarshe a wata kwalejin noma da ke Savelugu, ta buɗe ɗakin kiwo ta tarar da 'ya'yan zabinta duk a mace, an murɗe musu wuya, an jera su reras a kan katako. Da su za a ba ta makin gama karatu ranar Litinin. Shugaban kwalejin ya ce in sakacinta ne sai ta maimaita shekara, in kuwa an gano mai ɓarnar, a duba littafin aikinta.

Madam Tiyumba, malamar kiwo, ta daɗe tana kallon jerin. Ta kira mai kula da gona.

"Mba Azindoo, ba ɓera ba ne?"

"Madam, ɓeran da ke jera gawa ban taɓa haɗuwa da shi ba. Ni ina masallaci, sahun gaba."

Ta kira Napari, wanda suke tseren na ɗaya da Maltiti. Yana zuwa ya tuɓe takalminsa, ya zura na roba da ke rataye, sannan ya taka ruwan maganin da ke bakin ƙofa, yadda kowane ɗalibi ya saba. Da ya ga zabin sai ya fita yana amai. Ta sallame shi.

Sai ta lura da sawu a siminti. Ba na takalmin roba ba ne, na kambas ne. Ruwan maganin kuwa in ya taɓa yadi sai ya bar jan tabo da ba ya fita.

Ta buɗe rajista. Mutum ɗaya ne bai taɓa shiga darasin aiki ba: Wumbei, mai shekara ashirin da biyu, kaifin kai kamar me, amma sau biyu yana maimaita aji. Ƙarya, faɗa, kwafar aikin mutane, kuma ko sau ɗaya bai nuna nadama ba. Bara likita ya ce larurar hali ce, ya sa masa ranakun zuwa. Bai je ba.

Ta aika aka kira Wumbei, ya shigo yana murmushi, da silifa a ƙafa.

"Madam ɗinmu! Wallahi har hawaye na yi."

"Sannu. Ina farin kambas ɗinka?"

"An sace."

"Ga shi Mba Azindoo ya ɗauko shi daga bayan ɗakinku. Wanda ya halarci darasi ko sau ɗaya ya san ba a taka maganin nan da takalmin gida."

Wumbei ya kalli jan tabon, ya ɗaga kafaɗa.

"Na ce wa Maltiti ta sa sunana a rahotonta, ta ƙi. Tsuntsaye ne fa, Madam. Da ma miya za su ƙare."

Madam Tiyumba ta rufe rajistar.

"Kana da larura, Wumbei, kuma zan sake rubuta wa likita. Amma hannunka ne ya yi wannan. Mu je wurin shugaba."

Ranar Litinin mai jarrabawa ya duba littafin Maltiti shafi-shafi, ya rubuta mata ta ci. Ba ta yi murna ba. Ta ari fartanya ta nufi bayan gona don ta binne 'ya'yan zabinta.