Takalmin da Teku Ta Ɗauke

A ranar da Allah Ya ƙaddara Usaid zai fara ganin Basma, salla yake yi a kan yashi. Ya ɗauki hutu daga kantin maganin da yake aiki a unguwar Catford, can ƙasar Turawa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Newquay, wani gari na bakin teku inda mutane ke yawo ba takalmi, kowa rungume da allon hawan igiyar ruwa, babu mai gaggawar zuwa ko'ina. La'asar ta riske shi a bakin ruwa. Da yake a Kano ya girma, bai san teku tana janyewa ta kuma dawo ba, sai ya shimfiɗa rigarsa a inda yashi ya fi laushi, ya kabbara.

Yana raka'a ta uku ya ji tafi a bayansa, irin wanda aka koya wa mata su ankarar da mai salla. Kafin ya sallame ruwa ya jiƙa masa gwiwoyi.

Da ya waiwaya sai ya ga budurwa cikin baƙaƙen kayan ruwa masu rufe jiki har kai, allo a hammatarta, takalminsa ɗaya a hannunta.

"Malam, ɗayan ya tafi Amurka," ta ce. "Allah Ya karɓi ibada."

"Ke Bahaushiya ce?"

"'Yar Dagenham. Duk bazara nake zuwa ina koya wa matanmu surfing, hawan igiyar ruwa. Kai kuwa ba sai an tambaya ba, baƙo ne."

Sauran kwanakin hutunsa a kan wani dutse ya yi su, yana kallon yadda take riƙe hannun matan da ke tsoron ruwa har su saki jiki. Kafin ya tafi ya nemi izinin zuwa gaishe da mahaifinta.

Mahaifin nata, Alhaji Lawal, tsohon direban bas ne mai yawan barkwanci. Shi ya fara kai Basma koyon iyo tun tana ƙarama, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya nuna masa hotonta a kan allo. Ya karɓi Usaid hannu biyu. Saƙonni suka fara kai da kawowa.

"Mai takalmi ɗaya, ka ci abinci?"

"Ban ci ba, Gimbiyar teku. Tunaninki ya ƙosar da ni."

"To tunanin nawa ba ya maganin ulcer. Tashi ka ci."

Sai dai ranar da mahaifiyarsa, Hajiya Amamata, ta tambaye shi inda suka haɗu, zuciyarsa ta raya masa cewa dattijuwa mai tahajjud ba za ta karɓi surukar da ke wasa da teku ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A masallaci, Umma, wajen karatun Asabar."

Da Baffa Jalo, ƙanen marigayi mahaifinsa, ya jagoranci manya zuwa neman aure, da wannan maganar ya buɗe baki. "Alhamdu lillahi, haɗuwar da aka yi a ɗakin Allah ai albarkarta daban ce."

Alhaji Lawal ya ajiye kofin shayinsa. "Wane ɗakin Allah? A bakin teku 'yata ta tsamo shi." Ya dubi fuskokinsu, ya gane ba su sani ba, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Ashe ɓoye ta ya yi. Ku yi haƙuri. Ba zan ba da ita ga wanda yake jin kunyarta ba."

Da yammacin ranar saƙonta ya shigo.

"Usaid, ban taɓa buɗe gashina a gaban kowa ba, ban taɓa barin salla saboda ruwa ba. Me ka gani a jikina da ya cancanci ɓoyewa?"

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Kunya ta hana shi aikawa, ta hana shi taka Dagenham, ta hana shi ko haɗa ido da mahaifiyarsa, wadda ita ma take jiran ya fara magana. Kaka ta wuce, hunturu ya wuce. Ya ji labarin wani likita mai suna Hamdan yana zuwa gidan su Basma neman aurenta, ya ce a ransa shi kenan.

Wata safiya Hajiya Amamata ta gaji da jira.

"Zauna nan. Wai ni ka yi wa ƙarya don kada in ji yarinya tana shiga ruwa? Ni da aka haifa a Yawuri? Ina 'yar shekara goma nake ƙetare kogi da tallan gyaɗa a kaina. Ka taɓa tambayata?"

Ta ci gaba da cewa:

"Ƙaryar ce ta ƙona mini rai, ba yarinyar ba. Ga shi an ce ubanta yana kwance tun azumi. Ɗauko mini mayafina."

Sun sami Alhaji Lawal a gadon asibiti, ya rame har zoben hannunsa yana zamewa. Usaid ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi ƙarya, na kuma ƙara da guduwa. Ka yafe mini."

"Tun hunturu nake sauraren ƙafarka, ɗan nan. Wancan likitan ta ƙi ko fitowa gaishe shi." Ya juya ga Basma da ke tsaye bakin taga. "Uwata, har yanzu shi ne?"

Ta share ido da gefen hijabinta. "Shi ne, Baba. Amma ya faɗa da bakinsa inda muka haɗu."

"A bakin teku, Umma," in ji Usaid. "Tana sanye da kayan ruwa, ta cece ni ina salla."

"Na ba ka ita," Alhaji Lawal ya ce. "Ku hanzarta, ina so in sa babbar rigata."

An sa rana bayan Babbar Salla. Allah cikin hukuncinSa Ya karɓi ran Alhaji Lawal ana saura mako biyu. Ƙanensa ne ya yi walicci a masallacin unguwarsu, sanye da waccan babbar rigar. Lokacin da ake shafa fatiha Usaid ya rufe fuska da tafukansa ya daɗe bai sauke ba, domin ya san watannin da ya ɓatar cikin shiru sun isa a ɗaura auren nan tsohon yana zaune a sahun gaba.

Bayan biki suka koma Newquay tare da Hajiya Amamata, wadda ta tattare zanenta ta shiga ruwa har ƙauri tana dariya. Da La'asar ta yi, Basma ta ja hannun mijinta zuwa can saman tudu, inda ruwa ba ya kaiwa.

"A nan za ka ja mu salla, Mai takalmi ɗaya. Ka sa Baba a addu'a."

"Kullum yana ciki, Gimbiya."

Ya kabbara, matan biyu suka bi shi. Allah Ya jiƙan Alhaji Lawal, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Usaid da Basma zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Amin.