Angon da Ba Ya Waiwaye

Ranar da Ramzi ya fara shiga ɗakin gashin ƙashi a Iskandariya, kwanansa goma da tiyatar da aka sauya masa mahaɗar ƙugu da ta ƙarfe. Ciwon da ya ci ƙugun ya riga ya sandarar masa da baya da wuya, ko waiwaye sai ya juya jiki duka.

"Taku biyar kawai," in ji Nirmin, likitar gashin.

Ya dube ta, ya yi taku tara.

"Biyar na ce!"

"Ai ke kika matsa baya, Likita."

Wata huɗu tana sa shi miƙa ƙafa da jan numfashi. Wani tsoho mai ciwon gwiwa kuwa kullum sai ya kawo mata basbusa, wani kek mai zaƙi, da hoton ɗansa injiniya, ko za ta aure shi. Ramzi ke cinye basbusar.

Wata rana ya tura mata saƙo: "Likitata, yau da kaina na sa safa. Saura in sa miki zobe."

Ta amsa: "Sandararrena, Baba yana gida ranar Alhamis."

Da Ramzi ya je, Ustaz Fikri, mahaifinta, ya nuna masa wata kujera mai lotsewa. An hana Ramzi irin wannan zama, sai ya tsaya ƙiƙam, kunya ta hana shi bayani. Dattijon ya yi magana ta gefensa, wuyan Ramzi ya ƙi juyawa.

"Ya ƙi kujerata, ya ƙi kallona," in ji Ustaz. "Ba na ba mai girman kai 'yata."

Ramzi ya daina zuwa gashi. Hankalin Nirmin ya tashi, don ta san yana dainawa bayansa zai ƙara ƙamewa. Ta ɗaura wa mahaifinta sandar share-share daga ƙeya zuwa ƙugu, don ya ji abin da Ramzi ke ji.

"Bismilla, Baba, zauna."

Ya gwada, ya kife kan tiren shayi. Yana kwance ya tambaya a hankali, "A haka yaron nan ya hawo bene huɗu?"

Washegari da kansa ya je ya raka Ramzi asibiti.

Ranar biki ango ya taka rawa ba sanda, a miƙe kamar hasumiya, mata na ta guɗa.

"Gobe ƙarfe tara akwai motsa jiki," Nirmin ta raɗa masa.

"Har da ango?"

"Shi ne ma ba ya da wurin ɓuya."

Ustaz Fikri ya haɗa hannuwansu, idonsa cike da hawaye. "Allah Ya yi muku albarka, 'ya'yana."